Yadda Ake Renon Okid Ruwa-Biyu a Gida, da Yadda Ake Karanta Sunayenta

Tukunyar okid, wato shukar furen ado, da ta fito daga hannun masu reno na ƙwarai tana zuwa ne da wata 'yar roba a soke a gefenta, an rubuta mata wasu kalmomi masu wuyar faɗa. Yawancin masu saye wannan robar suke fara zarewa su yar, don tana ɓata musu kyan tukunya. Kada ka yi haka. Abin da aka rubuta a jikinta shi ne asalin shukar: su wane ne iyayenta, daga wane irin daji kakanninta suka fito, nawa take so na rana, nawa na ruwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a harkar okid wannan magana a zahiri take. Wanda ya iya karanta sunan ya riga ya san rabin aikin da ke gabansa.

Nau'o'in okid na daji sun kai kimanin 28,000. Waɗanda mutane suka haɗa da hannunsu, wato ruwa-biyu, sun haura 100,000 a rajista. Haɗin da ake nufi a nan daban yake da auren itatuwa, inda ake ɗaura reshen wani a jikin wani. A nan ƙurar furen wata shuka ake ɗauka a sa wa wata, a sami iri, a shuka shi. Ruwa-biyu na farko da ya yi fure a hannun ɗan Adam shi ne Calanthe Dominyi, a shekarar 1856, aikin John Dominy na gidan renon Veitch a Ingila. Ga mai farawa ruwa-biyu ta fi ta daji sauƙi nesa ba kusa ba, domin masu haɗa iri sun daɗe suna zaɓen masu juriya da masu yawan fure.

Gaɓoɓin suna

Ga misali kamar yadda za ka gani a rubuce: Onc. Sharry Baby 'Sweet Fragrance' AM/AOS. Gaɓa huɗu ce.

Ta farko sunan dangi ne a taƙaice. Onc. na nufin Oncidium. Haka za ka riƙa ganin Phal. don Phalaenopsis, Den. don Dendrobium, Paph. don Paphiopedilum, C. don Cattleya, V. don Vanda. Waɗannan sunaye suna da ma'ana, kuma wani lokaci ma'anar na koyar da reno. Dendrobium daga kalmomin Girkanci biyu ne, itace da rayuwa, wato mai rayuwa a kan itace. Phalaenopsis na nufin mai kama da malam-buɗe-littafin dare. Ƙarshen Paphiopedilum na nufin takalmi, saboda leɓen furen ya yi aljihu kamar bakin takalmi. Cattleya kuwa sunan mutum ne, William Cattley, Baturen Ingila mai tara tsirrai.

Gaɓa ta biyu, Sharry Baby, ita ce ake kira grex, kalmar Latin mai nufin garke. Duk 'ya'yan da aka samu daga haɗa iyaye biyu takamaimai garke ɗaya ne, suna ɗaya gare su, ko wace ce uwar ko wane ne uban, ko a wace ƙasa aka sake yin haɗin, ko bayan shekara hamsin. Sharry Baby 'ya'yan Jamie Sutton ne da Honolulu, an yi musu rajista a 1983. Sunan garke da babban harafi yake farawa. Idan ka ga kalma ta biyu da ƙaramin harafi, kamar Phalaenopsis amabilis, to nau'in daji ne a hannunka.

Gaɓa ta uku, wadda ke cikin ƙananan alamomin zance, laƙabi ne na shuka guda ɗaya tak da aka ware daga cikin garken saboda ta fi 'yan'uwanta. 'Sweet Fragrance' na nufin daddaɗan ƙamshi, kuma da gaske furenta ƙamshin cakulan yake yi. Duk wata shuka mai ɗauke da wannan laƙabi daga jikin waccan ɗayar aka ciro ta, ko ta hanyar rabawa ko ta hanyar ninka ƙwayoyin tohonta a ɗakin gwaji, dabarar da Georges Morel na Faransa ya bayyana a 1960. Wannan ya shafi mai saye kai tsaye. In akwai laƙabi, furen da za ka samu shi ne wanda ka gani a hoto. In kuwa sunaye biyu kawai ka gani da alamar × a tsakani, shukar daga iri ta fito, za ta iya ɗauko uwa ko uba ko kaka, kamar dai 'ya'yan ɗaki ɗaya. A irin wannan rubutu sunan uwa, wadda ta ɗauki kwanson iri, shi ake fara sawa.

Ta huɗu lambar yabo ce. Haruffan bayan layi su ne ƙungiyar da ta bayar: AOS ta Amurka, RHS ta Ingila. A ma'aunin AOS, HCC na nufin maki 75 zuwa 79, AM 80 zuwa 89, FCC kuwa 90 zuwa sama. Lambar yabo kyan fure take aunawa a ranar da alƙalai suka gan shi, ba ta faɗin komai game da sauƙin reno.

Dalilin da wasu sunaye suka yi tsawo haka

Okid tana yarda a haɗa dangi da dangi, abin da ba kasafai ake samu a sauran tsirrai ba. In an haɗa dangi biyu ko uku sai a ɗinke sunayensu. Brassavola da Laelia da Cattleya suka ba da Brassolaeliocattleya, wadda ake taƙaitawa Blc. Idan dangin suka yi yawa har ɗinkin ya gagara, sai a ɗauki sunan wani mutum a ƙara masa "ara" a ƙarshe. Vuylstekeara daga Charles Vuylsteke ne, mai reno ɗan Beljiyam. Potinara, mai dangi huɗu a cikinta, daga wani Bafaranshe ne mai suna Potin. Fredclarkeara daga Fred Clarke na Kalifoniya ne, wanda ya fitar da Fredclarkeara After Dark, wato bayan duhu ya shiga, mai fure baƙi kusan wuluk.

Sunan garke kuwa wanda ya yi haɗin ne yake raɗawa yadda ransa ya so, shi ya sa ake samun sunan mata da na 'ya'ya da na garuruwa da na manyan baƙi. Singafo ta shahara da wannan: lambun okid na ƙasar ya raɗa wa wata Paravanda Nelson Mandela lokacin ziyararsa a 1997. Furen ƙasar ma ruwa-biyu ne, Vanda Miss Joaquim, mai ɗauke da sunan Agnes Joaquim tun 1893, aka ayyana shi furen ƙasa a 1981. A dangin daji ma akwai na mamaki. Akwai Aa, harafi biyu kacal. Akwai Dracula, wato ƙaramin dodo, wadda wasu furanninta ke kama da fuskar biri. Kada kyan hoton Dracula ya ja ka in ɗakinka mai ɗumi ne, domin shukar duwatsu masu hazo da sanyi ce, zafi na kashe ta.

Abu ɗaya da ke rikita mutane shi ne sauyin suna. Binciken ƙwayoyin gado ya sa masana sun sake raba dangogi, sai sunaye suka motsa. Blc. da yawa sun koma Rlc., wato Rhyncholaeliocattleya, Doritaenopsis ta koma Phalaenopsis, Ascocenda ta koma Vanda, Miss Joaquim kanta yanzu Papilionanthe ake rubuta mata. Sunan garke da laƙabi ba kasafai suke canzawa ba, don haka da su za ka yi bincike. Shukar da alamarta ta ɓace kuwa NOID masu reno ke ce mata, wato marar suna. Za ta yi fure lafiya lau, amma kada ka laƙa mata suna don ta yi kama da wani hoto, saboda garke daban-daban na iya fitar da fure iri ɗaya a ido.

Abin da sunan dangi ke gaya maka game da reno

Phal. ita ce ta mai farawa, kuma a kanta yawancin ma'aunan da ke ƙasa suka dogara. Kara ɗaya gare ta mai hawa sama, ganyaye masu kauri hagu da dama, ba ta da rumbun ruwa in ban da ganye da saiwa. Tana son inuwa mai haske da ɗumin ɗaki.

C., Rlc., Onc. da Den. suna tafiya ne a kwance, kowace shekara su fitar da sabon kara mai kumburi da ke ajiye ruwa. Mu kira shi tulu. Mai tulu tana jure ƙishi, tana kuma neman haske kusan ninki biyu na Phal. Sai dai Oncidium saiwarta siririya ce, in ta sha ƙishi lokacin da sabon ganye ke fitowa sai ganyen ya fito a nannaɗe, kuma ba ya miƙewa har abada.

A Dendrobium sai an lura, domin gida biyu ne. Masu jinin nau'in da ake kira Dendrobium nobile suna jera fure a jikin kara, suna zubar da ganye, kuma sai sun sami hutu na makonni da dare mai sanyin digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas, da ƙarancin ruwa, babu taki, kafin su yi fure. In ba su samu ba sai su haifi ƙananan shuke-shuke a gurbin furanni. Masu dogon karan fure daga saman tulu kuwa ɗumi suke so duk shekara. Wanda ke zaune inda dare ba ya sanyi ya ɗauki na biyun.

Paph. irin su Maudiae, masu ganye dabbare-dabbare, ba su da tulu, kada a bar makwancinsu ya bushe ƙarau, kuma sun fi kowa haƙuri da ƙarancin haske. Vanda tana son rana sosai da saiwa a waje cikin kwando, ana jiƙa ta kullum. Fdk., wato Fredclarkeara, kuma tana zubar da ganye gaba ɗaya ta yi barci. Daga nan ka ɗauke mata ruwa ɗungurungum, kada ka dawo da shi sai sababbin saiwoyi sun kai santimita 10 ko fiye. Masu tausayin da ke ba ta ruwa tana barci su ne ke ruɓar da ita.

Wajen saye

Saiwa za ka fara dubawa kafin fure. A tukunyar roba mai nuna ciki, saiwa mai lafiya tana da kauri da tauri, kalar azurfa in ta bushe, koriya in ta jiƙe. Ganye ya zama mai tauri, ka kuma ɗaga shi ka leƙa ƙarƙashi da tsakanin gindi don neman ƙwari. Ɗauki wadda rabin furanninta ba su buɗe ba. Phalaenopsis mai shuɗi garau rini ne aka ɗura mata a kara, furenta na gaba fari zai fito. In kana da wasu shuke-shuke, ware sabuwar nesa da su na mako uku zuwa huɗu.

Tukunya da makwanci

A daji yawancin waɗannan dangogi a kan rassan itatuwa suke zaune. Ba kamar kauci ba ne, ba sa tsotsar itacen, wurin zama kawai suka ara. Saiwarsu a fili take, tana lulluɓe da wata farar fata mai kama da soso wadda ke zuƙe ruwan sama nan take, iska kuma ta busar da ita cikin sa'o'i. Duk renon okid a tukunya ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan: jiƙa sosai, sannan iska. Ƙasar lambu ko ta tukunyar fure tana toshe iskar, saiwa ta shaƙe ta ruɓe cikin 'yan makonni.

Haɗin da ke aiki ga Phal., Cattleya da Dendrobium shi ne kashi huɗu na ɓawon itacen fain mai girman santimita 1 zuwa 2, kashi ɗaya na gawayin itace tsantsa mai irin wannan girma, da kashi ɗaya na farin dutsen nan marar nauyi da ake kira falayit. Gutsattsarin ɓawon kwakwa na iya maye gurbin na fain, amma a jiƙa shi a zubar da ruwan sau uku, kwana ɗaya ɗaya, don yakan zo da gishiri, kuma ya fi riƙe ruwa. Ga Oncidium da Paph. a yi amfani da ƙananan gutsattsari, wajen rabin santimita zuwa ɗaya. Inda iska ta bushe ƙwarai a ƙara kashi ɗaya na gansakukar sifagnum, a barbaɗa ta sako-sako.

Tukunya ta kasance mai ramuka da yawa a ƙasa, in da hali har da gefe, kuma daidai girman saiwa. Babbar tukunya tsakiyarta ba ta bushewa. Phal. babba takan zauna daram a mai faɗin santimita 12 zuwa 15.

Ana sauya makwanci duk shekara ɗaya zuwa biyu, domin ɓawo yana ruɓewa ya zama kamar ƙasa. Lokacinsa shi ne bayan fure ya zube, sababbin saiwoyi sun fara leƙowa da koren baki.

1. Jiƙa sabon ɓawo cikin ruwa ya kwana, don busasshe ba ya kama ruwa.
2. Jiƙa shukar minti 15 don saiwoyi su yi laushi, ka matsa gefen tukunya ka zare ta.
3. Cire tsohon makwanci duka. Sau da yawa akwai dunƙulen gansakuka a matse a ƙarƙashin gindi tun daga gidan reno, shi ne maɓoyar ruɓa, a tsince shi tas.
4. Gasa bakin almakashi a wuta, ya huce. Yanke duk saiwar da ka matsa ka ji ta lafce ko fanko, fatarta na zamewa ta bar zare. Mai tauri ka bar ta ko da fara ce ko rawaya, rashin haske ne ya sa ta haka.
5. Riƙe shukar yadda gindin ganyen ƙasa zai yi daidai da saman makwanci. Phal. a tsakiya. Mai tulu kuwa a jingina tsohon tulu da gefen tukunya, sabon toho ya fuskanci fili, kwantaccen karan kuma ya zauna a sama, kada a binne shi.
6. Zuba ɓawo kana bubbuga tukunya don ya shiga tsakanin saiwoyi. In shukar tana girgiɗi ka kafa mata tsinke ka ɗaure, domin bakin sabuwar saiwa in yana gogar ɓawo sai ya daina girma.
7. Jira kwana uku kafin ban ruwa, raunuka su bushe. Mayar da alamar suna, ka rubuta kwanan wata a bayanta.

Saiwoyin da suka fito waje suna lilo a iska lafiyarsu ƙalau, kada a yanke su. In za ka raba mai tulu, kowane kashi ya tashi da tulu uku zuwa huɗu, in ba haka ba sai ya yi shekaru bai yi fure ba.

Ruwa da taki

Kada ka ɗaure wa kanka ranar ban ruwa. Duba shukar. In saiwoyin cikin tukunya sun koma azurfa, babu raɓa a jikin robar, tukunyar kuma ta yi sakayau a hannu, lokaci ya yi. A tukunyar da ba ta nuna ciki, soka siririn tsinken katako har tsakiya, bar shi minti goma, ka zare ka taɓa a bayan hannu. In da sanyi da danshi, jira. A ɗaki mai matsakaicin yanayi wannan yakan faɗo duk kwana 5 zuwa 10, a tsananin zafi kuma duk kwana 3.

In za ka ba da ruwa ka bayar da yawa. Ko ka kwarara shi ta cikin tukunya na minti ɗaya, ko ka tsoma ta cikin kwano minti 10 zuwa 15, sannan ta tsane sarai. Kada ta zauna cikin ruwa a faranti. Da safe ake yi, da ruwan da ba shi da sanyi. Ƙanƙara ba ta dace da shukar da kakanninta suka fito daga dazuzzuka masu ɗumi ba, kuma ba ta jiƙa makwanci duka. Ruwan sama ya fi kowanne. Ruwa mai gishiri ko mai yawan farar ƙasa yana barin farin ɓawo a bakin tukunya, yana ƙona bakin saiwa.

Ruwan da ya kwanta a ƙoƙon tsakiyar ganyen Phal. shi ne ajalinta. Daga nan sabon ganye ke fitowa, in wurin ya ruɓe shukar ba ta da wani kai. A daji a karkace take rataye, ruwa ba ya zama. In ya shiga, murɗa 'yar takarda mai tsotsa ka zuƙe shi.

Taki kaɗan-kaɗan ne a kai a kai. Mai narkewa a ruwa, mai lamba 20-20-20, rubu'in ƙaramin cokali a lita huɗu, sau ɗaya a mako lokacin da ganye ko saiwa ke girma. Fara jiƙa saiwa da ruwa zalla kafin na taki. A mako na huɗu ka bar takin, ka wanke makwanci da ruwa mai yawa don gishirin da ya taru ya fita. Shukar da saiwarta ta lalace ba a ba ta taki, ba ta da bakin ci.

Haske, zafi da fitar da fure

Taga mai fuskantar gabas ita ce mafi dacewa da Phal., rana ta safe kawai. Taga mai zafin rana sai da labule shara-shara. Gwada da hannu da tsakar rana: sa tafinka kamar taƙi ɗaya sama da ganye. Inuwa mai dishi-dishi ta Phal. da Paph. ce, wajen lukus 10,000 zuwa 15,000 in kana da ma'aunin haske. Inuwa mai fitowa sosai ta Cattleya da Dendrobium ce, 20,000 zuwa 30,000. Ganye kore shar mai duhu yana da kyan gani, amma alama ce ta ƙarancin haske, kuma shi ne babban dalilin da ke sa lafiyayyar shuka ta ƙi fure. Kore mai haske ake nema. In ka taɓa ganye ka ji zafi, janye tukunyar kafin ya ƙone.

Phal. tana son digiri 24 zuwa 29 da rana, 18 zuwa 21 da dare, da danshin iska kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Inda iska ta bushe, tara tukwane wuri ɗaya ko ka sa na'urar turara ruwa. Inda danshi ya yi yawa, ƙaramar fanka mai kaɗawa a hankali ta fi kowane maganin funfuna.

Sauƙin zafi ne ke sa Phal. ta fitar da karan fure. Muddin zafin rana ya dawwama sama da digiri 28 ganye kawai za ta yi ta yi. Tana buƙatar mako huɗu zuwa shida da rana ƙasa da 26, dare kuma wajen 16 zuwa 18. Karan yana fitowa daga tsakanin ganyaye, bakinsa a ɗan baje, saɓanin saiwa mai zagayayyen baki. Daga fitowarsa zuwa buɗewar fure kusan wata uku ne. In ya kai santimita 15 zuwa 20 ka kafa masa sanda ka ɗaure sako-sako, kuma daga nan kada ka juya tukunya, don karan haske yake bi, in an juya sai furanni su fuskanci ko'ina. Furen yakan yi wata biyu zuwa uku.

Bayan ya zube, in shukar ƙaƙƙarfa ce kuma karan kore ne, yanke shi santimita ɗaya sama da gaɓa ta biyu ko ta uku daga ƙasa, yana iya fitar da reshe. In shukar ƙarama ce ko ta gaji, yanke daga gindi ta huta, wannan ya fi mata. Wani lokaci gaɓar takan haifi jaririyar shuka, wadda ake kira keiki, kalmar mutanen Hawai mai nufin ɗa. Kada ka cire ta sai ta yi saiwa uku masu tsawon santimita 5. Sunan uwarta da laƙabinta za ta ɗauka.

Abin da kan lalace

Ganye ya yi laushi ya yanƙwane alhali kana ba da ruwa: kada ka ƙara ruwa, zare shukar ka duba. Mafi yawan lokaci saiwoyin ne suka ruɓe, shukar tana mutuwa da ƙishi a cikin jiƙaƙƙen makwanci. Yanke ruɓaɓɓun, koma ƙaramar tukunya, ajiye a inuwa mai danshi har sabuwar saiwa ta fito.

Ƙullin fure ya yi rawaya ya faɗi kafin ya buɗe: sauyin zafi na farat ɗaya, iskar na'urar sanyaya ɗaki, hayaƙi, ko iskar etilin da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa. Ganyen ƙasa guda ɗaya ya yi rawaya a hankali: tsufa ne, bar shi ya faɗi da kansa. Tabo mai ruwa-ruwa da wari, mai faɗaɗa cikin kwana ɗaya ko biyu: ƙwayar cuta ce, yanke har cikin lafiyayyen nama da gasasshiyar reza, shafa garin kirfa a bakin yankan, amma kada ya taɓa saiwa don yana busar da ita.

Farin ƙwaro mai kama da auduga da mai ɓawo da ke manne wa ganye ana goge su da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a maimaita duk mako har sau huɗu saboda ƙwai. Ganye mai ɗige-ɗigen azurfa a ƙasa aikin wasu mitsi-mitsin gizo-gizo ne masu son busasshiyar iska, a wanke ganyen a ƙara danshi. Cutar bairos kuwa ba ta da magani, kuma almakashi ne ke yawo da ita daga shuka zuwa shuka, shi ya sa ake gasa shi kafin kowace tukunya.

In kana son raɗa naka sunan

Haɗa furen ba shi da wuya. A tsakiyar fure akwai ginshiƙi mai 'yar hula a kai. Ɗaga hular da tsinken sakace, dunƙulen ƙura masu rawaya za su manne masa. Cire na furen uwa ka ajiye gefe, ka tura na uban cikin ramin nan mai danƙo da ke ƙarƙashin ginshiƙin uwar. In ya kama, furen zai yanƙwane cikin kwanaki, bayansa ya fara kumbura. Rataya alama nan take: uwa × uba, da kwanan wata. Uwar ta kasance babba mai lafiya, kwanso ɗaya ya ishe ta. A Phal. yakan nuna cikin wata huɗu zuwa shida.

Wahalar tana wajen iri. Kamar ƙura yake, dubu ɗaruruwa a kwanso ɗaya, kuma ba shi da guzurin abinci. A daji sai wani naman gwari ya ciyar da shi yake tsirowa. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell ya nuna ana iya tsirar da shi cikin kwalba a kan daskararren abinci mai sukari da ma'adinai, muddin babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ciki. Mai reno a gida ya fi masa sauƙi ya aika kwanson ga ɗakin gwajin da ke wannan aiki tun yana kore bai tsage ba. Tsirrai sukan yi shekara ko fiye a kwalba, fure na farko kuma sai bayan shekara uku zuwa biyar, a Cattleya ma fiye.

Rajistar tana hannun RHS tun 1961, lokacin da ta gaji jerin da gidan Sander ya fara bugawa a 1906. Kafin ka yi haɗin ka bincika sunayen iyayen biyu a rajistar da ke intanet, domin in wani ya riga ka, 'ya'yanka sunan garkensa za su ɗauka, kai laƙabi kawai ya rage maka. In babu, sai ɗaya daga cikin 'ya'yan ya yi fure, ka cike fom da sunayen iyaye da ranar haɗi da ranar fure na farko da hoto, da sunan da ka zaɓa, wanda ba a taɓa amfani da shi a dangin ba kuma ba siffar Latin gare shi ba. Iyayen su kasance masu suna, NOID ba ta dace da wannan aiki ba komai kyanta. Alamar kuma da fensir ake rubuta ta, tawada rana na cinye ta cikin 'yan watanni, sannan a tura ta biyu can ƙasan tukunya ko da ta saman ta ɓace.